Jak na Motar Kwana

Motar kwana ita ce motar da aka gina ɗaki a cikinta, da gado da madafa da banɗaki, wadda iyali kan yi tafiyar hutu da ita. Ta fi yawa a Amurka da Kanada da Turai da Ostareliya, kuma garin Elkhart na jihar Indiyana ne cibiyar ƙera ta a Amurka. Akwai mai injin kanta, akwai kuma tirela da wata mota ke ja. Kowacce tana buƙatar jak, amma abin da ake kira jak a wannan harka ba abu ɗaya ba ne, kuma daga rashin rarrabe su ne yawancin ɓarna ke faruwa.

Na ɗagawa da na tokarewa

A kusurwoyi huɗu na tirela akan ga ƙafafu masu kama da almakashi, ana sauke su da hannun juyawa idan an yada zango. Aikinsu tokarewa ne kawai, don kada ɗakin ya riƙa lilo idan mutum ya taka. Ba a yi su don ɗaga nauyi ba. Wanda ya yi ƙoƙarin sauya taya da su zai lanƙwasa su, wani lokaci har ya murɗa shasin, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Na biyu shi ne jak ɗin gaba, wanda ke ɗaga bakin tirela a ɗora kan ƙugiyar mota. Nauyin da ke sauka a wurin yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta: tirela mai kilo 3,000 za ta ɗora masa kilo 300 zuwa 450. Akwai na hannu, akwai mai aiki da batirin bolt 12.

Manyan motoci masu injin kansu kan zo da ƙafafun haidirolik, wato masu aiki da matsin mai, waɗanda ke daidaita ɗakin a ƙasa mai gangara. Wannan ba don jin daɗin barci kaɗai ba ne. Firijin gas na irin waɗannan motoci yana aiki ne da ruwan amoniya da ke gangarowa cikin bututu, kuma idan ya daɗe yana aiki a karkace bututun kan toshe, firijin ya lalace.

Jak ɗin sauya taya

Nan ne zaɓi ya fi muhimmanci, domin tireloli da yawa ana sayar da su babu jak ko kaɗan. Wanda aka fi dogara da shi shi ne jak mai siffar kwalba, ɗan ƙarami mai ɗaukar tan biyu har zuwa hamsin. Mai ne a cikinsa, kuma yana aiki da ka'idar da masanin kimiyya Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan bazu ko'ina daidai. Richard Dudgeon, maƙeri ɗan asalin Sukotlan da ke zaune a Niyok, shi ya yi rajistar jak ɗin haidirolik na ɗauka a hannu a 1851.

Ana fara duba nauyi. Kowace mota tana da takarda manne kusa da ƙofar direba, ko a gefen hagu na gaban tirela, mai nuna iyakar nauyin motar da na kowane aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Jak ba ya ɗaga motar gaba ɗaya, gefe guda yake ɗagawa, sai dai kaya ba sa rabuwa daidai. Tankin ruwa mai lita 150 kilo 150 ne, kuma yana iya zama a gefen da aka yi faci. Saboda haka ya fi dacewa ƙarfin jak ya kai nauyin aksil ɗin duka, ba rabinsa ba. A kula kuma, tan na Amurka kilo 907 ne, ba 1,000 ba.

Sai tsawo, wanda mutane suka fi mantawa da shi. A gida, taya cike da iska, jak yakan shige ƙarƙashi sumul. A bakin titi kuwa, taya ta kwanta, shasin ya sauko, sai a ga kan jak ɗin ya ƙi shiga ko da yatsa biyu. In ma ya shiga, dole ya miƙe har safaya mai cikakkiyar iska ta samu wurin zama. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a sace iskar taya ɗaya a tsakar gida, a auna tazarar, a sayi jak da wannan awo a hannu.

Wurin kafa shi ma yana cikin littafin mota. Masu ƙera aksil irin su Dexter suna gargaɗi kada a kafa jak a bututun aksil, domin yana iya lotsawa taya ta riƙa cin gefe. A shasi ake kafawa. Tirela mai aksil biyu tana da wata dabara: a hau tayar lafiya kan ɗan tudun roba ko katako, sai mai facin ta tashi da kanta.

Kafin ɗagawa a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin ɗaya gefen, a sassauta notuna tun taya na ƙasa. A ƙasa mai yashi ko laka a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, domin robar da ke tare man na iya saki ba zato. Sai an kafa ƙafafun ƙarfe na musamman masu ɗaukar nauyi, ba irin na kusurwoyin tirela ba. Jak mai siffar kwalba a tsaye ake ajiye shi, kansa a sauke, don kada mai ya zube ko iska ta shiga ciki.