Waiwaye: Yadda Tambayar Mutuwa Ta Shiga Ƙagaggen Labari

Ɗalibin Faransanci a Katsina da ya buɗe L'Étranger, wato Baƙo, na Albert Camus, tun babin farko yake tuntuɓe. Meursault, tauraron labarin, ya kwana gaban gawar mahaifiyarsa yana shan kofi da sigari, ko ƙwalla bai yi ba, kashegarin jana'iza kuma ya tafi iyo da kallon fim da budurwa. Duk wanda ya tashi inda ake zaman makoki kwana uku zai ce wannan ɗa ya ɗebe wa kansa albarka.

Tambayar da littafin ya ɗauko, wato mece ce ma'anar rayuwa tunda mutuwa na jiran kowa, ta girme shi, kuma ba daga marasa addini ta faro ba. Kierkegaard na ƙasar Danmak, wanda ya rasu a 1855, Kirista ne mai imani, abin da ya dame shi kuwa shi ne yadda mutum ke tsayawa shi kaɗai gaban Ubangiji da zaɓinsa. Camus, haifaffen Aljeriya a 1913, ya fitar da littafin nasa a 1942, Faransa tana hannun sojojin Jamus. A 1945 masanin falsafa ɗan Faransa Jean-Paul Sartre ya yayata ra'ayin cewa mutum ne ke gina ma'anar rayuwarsa, amma Camus ya ƙi a sa shi sahun masu wannan ra'ayi.

Littafin kashi biyu ne, babi shida da babi biyar. A ƙarshen na farko Meursault ya harbe wani Balarabe a bakin teku, harsashi ɗaya, sannan ƙarin huɗu. A na biyu kotu ta fi tsayawa kan rashin kukansa fiye da ran da ya ɗauka. Nan karatu ke karkacewa: mai karatun da ya yanke masa hukunci tun farko ya zauna kujerar alƙalan bai sani ba. Wani kuma ya mai da shi gwarzo, ya manta da gawar.

Babi na ƙarshe ya fi cancantar a karanta a tsanake. Meursault yana jiran hukuncin kisa, ya kori limamin coci, sannan ya gane darajar kwanakin da ya yi. Waƙoƙin wa'azinmu na ajami su ma suna tsayar da mutum bakin kabari, sai dai su lahira suke nunawa, shi kuwa Camus ya rufe wannan ƙofa. Ba dole Musulmi ya yarda da shi ba kafin ya ji nauyin tambayar.

Balaraben da aka kashe dai ya zauna ba suna har 2013, lokacin da marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya sake ba da labarin ta bakin ƙanensa Haruna, ya kira shi Musa.