Swami Vivekananda: mai gudun duniyar da ya ce a fara ciyar da mai jin yunwa

Yawancinmu ta finafinai muka san Indiya. A cikinsu mun sha ganin wani mutum sanye da tufa mai launin ruwan goro, riƙe da sanda da ƙoƙo, ya rabu da gida da dukiya. Irin waɗannan mutane ana kiran su sannyasi, kuma Vivekananda na daga cikin waɗanda suka fi shahara a cikinsu.

Wane ne shi, kuma daga ina ya fito?

Sunansa na yanka Narendranath Datta. An haife shi ranar 12 ga Janairun 1863 a Kalkata, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin Turawan Ingila a Indiya. Mahaifinsa lauya ne a babbar kotun birnin, don haka yaron ya tashi cikin wadata, ya yi boko mai zurfi, ya karanci falsafar Turai har ta jefa shi cikin kokwanto. Ya shiga ƙungiyar Brahmo Samaj, masu ƙin bautar gumaka, amma hankalinsa bai kwanta ba. Duk malamin da ya haɗu da shi tambaya ɗaya yake yi masa: “Malam, ka taɓa ganin Ubangiji?”

A 1881 ya haɗu da Ramakrishna, mai hidima a wurin bautar Kali, wata abar bauta ta mabiya addinin Hindu, da ke Dakshineswar a bakin kogin Ganga, mutumin ƙauye wanda bai yi nisa a karatu ba. Shi ne ya amsa masa kai tsaye cewa e, yana ganin sa kamar yadda yake ganin Narendra a gabansa, har ma fiye. Saurayin bai miƙa wuya nan take ba. Ya shafe shekaru yana gardama da shi, yana gwada shi. A 1884 mahaifinsa ya rasu ya bar bashi, ɗan gatan jiya ya koma yawon neman aiki ofis-ofis, wani lokaci ya yi ƙaryar an gayyace shi cin abinci a waje don ɗan abin da ke gida ya ishi ƙannensa. A ganina, wanda bai san wannan shekara ba ba zai fahimci sauran rayuwarsa ba.

Me ya mayar da shi mai neman gyara?

Tafiya ce ta buɗe masa ido. Bayan ciwon dajin maƙogwaro ya kashe Ramakrishna a 1886, almajiransa suka ɗauki alkawarin gudun duniya. Narendra ya shafe kusan shekara biyar yana ratsa Indiya, yau ya kwana a fadar sarki, gobe a bukkar mai shara. Ya ga yunwa ido da ido. Ya ga tsarin da ke raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, har akwai waɗanda taɓa su ma ƙazanta ce a wajen na sama. Abin da ya gani a yankin Malabar, Kerala ta yau, ya ƙona masa rai har ya kwatanta wurin da gidan mahaukata. Ya riƙa caccakar ’yan’uwansa Hindu da cewa addininsu ya koma cikin tukunyar girki, ba abin da ya rage sai “kar ka taɓa ni”.

A ƙarshen 1892 ya isa Kanyakumari, ƙarshen ƙasar Indiya ta kudu, ya yi iyo zuwa wani dutse a cikin teku ya keɓe kansa yana tunani. Daga nan ya yanke shawarar fita waje neman taimako ga talakawan ƙasarsa.

Me ya faru a Cikago da har yau ake maganarsa?

Ya tashi daga Bombay ranar 31 ga Mayun 1893 da gudummawar almajiransa na Madras da sarkin Khetri, don halartar Taron Addinan Duniya a birnin Cikago na Amurka. Ya iso da wuri, ba shi da takardar shaidar wata ƙungiya, guzuri kuma ya kusa ƙarewa, sai ya bar birnin na ɗan lokaci. Wani farfesa na Jami’ar Harvard, John Henry Wright, shi ya rubuta masa takardar gabatarwa. Da ya dawo Cikago sai adireshin masu shirya taron ya ɓace masa, ya kwana a cikin taragon kaya a tashar jirgin ƙasa.

Ranar 11 ga Satumba ya miƙe a gaban dubban mutane ya buɗe baki da “’Yan’uwana mata da maza na Amurka”, zauren ya ɗauki tafi. Bayan ’yan kwanaki ya ba su labarin kwaɗon da aka haifa a rijiya, wanda kwaɗon teku ya faɗo masa. Na rijiya ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ya tambayi baƙon ko tekun nasa ya kai haka girma, da ya ji amsa sai ya ce ƙarya ne, a fitar da shi. Vivekananda ya ce shi ma a ƙaramar rijiyarsa yake zaune, haka Kirista, haka Musulmi. A wani jawabin kuma ya faɗa wa masu tura mishan cewa Indiya ba ta rasa addini ba, abinci ta rasa, kuma cin fuska ne a yi wa mai jin yunwa wa’azin falsafa.

Mece ce ainihin koyarwarsa?

Tushenta falsafar Advaita Vedanta, wadda ke cewa hakika guda ɗaya ce tal, suna kiran ta Brahman, kuma ruhin kowane mutum a asalinsa ba daban yake da ita ba. Malaman da suka gabace shi sun ɗauki wannan a matsayin dalilin juya wa duniya baya. Shi kuwa sai ya juya maganar: in dai hakikar tana cikin kowa, to tana cikin almajirin da ke bakin titi, kuma yi masa hidima bauta ce. Ya kira talaka Daridra Narayana, wato ubangiji a siffar matalauci. Bai yarda a kira wannan tausayi ba, don mai tausayi yana ganin kansa a sama.

Ya kasa hanyoyin kaiwa ga wannan sani gida huɗu gwargwadon halin mutum: ta aiki ba tare da jiran lada ba, ta ƙauna da bauta, ta tattara hankali, sai ta ilimi. Littafinsa Raja Yoga na 1896 na cikin waɗanda suka fara gabatar da yoga ga Turawa, kodayake abin da yake nufi horar da zuciya ne, ba motsa jikin da aka sani yanzu ba. Ya kuma tsani rauni. Matasan Madras da Kalkata sun sha jin yana cewa su ƙarfafa jikinsu su yarda da kansu, don mulkin mallaka ya riga ya karya musu gwiwa.

Yaya ya ɗauki Musulunci?

Nan sai an yi adalci ta ɓangare biyu. Aƙidarsa ta cewa ruhi da Mahalicci abu ɗaya ne ta saɓa wa tauhidin da Musulmi ya sani, haka ma cewarsa duk addinai hanyoyi ne zuwa wuri guda. Yana da kalamai masu zafi kan tarihin yaƙe-yaƙen Musulmi a Indiya. Amma a wasiƙar da ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi a Nainital a watan Yunin 1898, ya amsa cewa daidaiton da Vedanta ke faɗa da baki, Musulmi ne suka fi kusa da aikata shi a zaman yau da kullum. Ya ce fatansa ga Indiya shi ne ƙwaƙwalwar Vedanta da jikin Musulunci.

Ba a sukar sa?

Ana yi. Masu fafutukar ƙwato ’yancin na ƙasa suna ganin ya tsaya rabin hanya: ya yaƙi fifiko da ƙyama, amma bai nemi a rushe tsarin ajin haihuwa gaba ɗaya ba, ya fi son a ɗaga na ƙasa ta hanyar ilimi. Wasu masana kuma na cewa addinin Hindun da ya kai Amurka gyararre ne don kunnen Bature. A yau masu kishin Hindu zalla suna ɗaga hotonsa, masu son zaman tare kuma suna kafa hujja da jawabin Cikago.

Me ya bari?

Ya dawo gida a farkon 1897, ranar 1 ga Mayu kuma ya kafa Ramakrishna Mission, da taken neman tsirar kai tare da amfanar duniya. Wasu abokan zuhudunsa sun yi gunaguni, suna ganin jinya da makaranta ba aikin sannyasi ba ne. Da annoba ta afka wa Kalkata, su ɗin ne suka fita share unguwannin talakawa tare da almajirarsa ’yar Ayalan, Margaret Noble, wadda ya raɗa wa suna Nivedita, ta kuma buɗe makarantar ’yan mata a 1898. Ƙungiyar na nan har yau da asibitoci da makarantu da aikin agaji, da rassa har a Afirka ta Kudu.

Ciwon sukari da asma sun cinye jikinsa. Ya rasu ranar 4 ga Yulin 1902 a Belur Math, hedikwatar ƙungiyar kusa da Kalkata, yana da shekara 39. Tun 1985 Indiya ke bikin ranar matasa ta ƙasa a ranar haihuwarsa, kuma a 1970 aka buɗe ginin tunawa da shi a kan dutsen nan na Kanyakumari, inda yanzu jiragen ruwa ke kai masu ziyara.