Wai me ake nufi da lambar firam?

Lambar firam ita ce wadda ba abin da zai raba ta daidai ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta. Irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ita 1 ba a sa ta a layin, kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne. Wadda ta rabu kuwa, kamar 15 da take 3 sau 5, ita ce haɗaɗɗiyar lamba.

A ƙananan lambobi ai ba wuya, inda gizo ke saƙar shi ne in lamba ta girma. Ɗauki 1,000,001 ka duba ta da kyau. Mara ce, to 2 ta fita, ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ma ta fita, in ka tara alƙalumanta 2 za ka samu don haka 3 ba za ta raba ta ba, kana kallonta sai ka rantse firam ce, alhali 101 sau 9,901 ce kawai. Amma maƙwabciyarta 1,000,003 firam ce ta gaske, ita ce ma mafi ƙanƙanta cikin firam masu alƙaluma bakwai. Ido ba ya gane wannan bambanci wallahi, sai an gwada. Sauƙin da aka samu shi ne ba sai ka bi lambobi miliyan ɗaya bayan ɗaya ba, tunda 1,000 sau 1,000 ne miliyan, gwada raba ta da firam ɗin da ke ƙasa da 1,000 ya isa, su kuma 168 ne kacal.

Akwai wasu da ake ce wa lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ne Bafaranshe na ƙarni na 17. Ka jera 2 kana ninkawa sau da yawa sannan ka cire 1. Wani lokaci firam ke fitowa kamar 31 da 127, wani lokaci a'a, 2,047 dai 23 sau 89 ce. Labarin da ya fi burge ni a nan na wani masanin lissafi ne mai suna Frank Nelson Cole, a 1903 ya tashi gaban taron masana lissafi a Amurka, ya lissafa 2 guda 67 a ninke ya cire 1, ya koma ɗaya gefen allo ya buga 193,707,721 sau 761,838,257,287 da hannu, amsa ta zo ɗaya, wato wannan lambar ta Mersenne ba firam ba ce. Ba kwamfuta fa a lokacin.

Kuma abin ba wasa ba ne, ninka manyan firam biyu nan da nan kwamfuta ta gama, amma a ba ta amsar a ce ta nemo su waye aka ninka, nan take kakarewa in lambar ta kai ɗaruruwan alƙaluma. A kan wannan wahalar aka gina tsarin RSA da ke kulle bayanai a intanet.

A Oktoban 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano wata firam ta Mersenne mai alƙaluma 41,024,320, kuma tun sama da shekara 2,000 da suka wuce Euclid, masanin lissafi Bagirke, ya tabbatar cewa ko wacce ka samo, akwai wadda ta fi ta a gaba.