Tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kusan kilomita 3,400 in an bi miƙaƙƙiyar hanya. Zuwa Madina kuwa ya ɗan haura 3,500. Hanyar tana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta haye Bahar Maliya.

Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama. Da wannan gudun kaɗai za a yi, awa huɗu ta isa. Amma akwai gangarawa zuwa titin tashi, da hawa, da rage gudu kafin sauka, wani lokaci har da shawagi ana jiran izini, musamman a cunkoson aikin Hajji. Shi ya sa tafiyar takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar. Iska ma tana da tata rawar: a lokacin sanyi iskar can sama tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas, sai ta tura jirgi wajen zuwa, ta riƙe shi wajen dawowa.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma yin zagaye. Wannan ya ƙara awa biyu ko fiye, da mai, da kuɗin kujera.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, kuma tikiti yana nuna lokacin kowane gari ne da agogon garin. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa huɗu da rabi zai sauka ƙarfe 4:30 na asubahin Jidda, mai duba tikiti ya zaci awa shida da rabi ce. A dawowa kuma sai ta yi kamar ba ta kai uku ba.

Ga mutumin Zariya, tafiyar tana farawa ne a ƙasa. Filin jirgin garin na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a 1964, kuma ba a jigilar alhazai daga nan. Maniyyatan jihar galibi daga Kaduna suke tashi, kilomita 80 ko kusa da haka. Masu Umara da 'yan kasuwa sukan nufi Kano, wajen kilomita 150. A lissafa awa uku na tantance kaya da fasfo, a bar sarari saboda hazon hunturu, wanda kan hana jirgi tashi.

Wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda gara ya ɗaura harami tun kafin ya shiga jirgi, ya yi niyya in an sanar da kusantar miƙati, domin jirgi yana gifta shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai sauka Madina sai ya bari har Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.