Formula 1 da harkar kuɗin da ke bayanta

Formula 1, wadda a nan wajenmu aka fi ji da sunan Faransanci wato Formule 1, ita ce babbar gasar tseren motoci ta duniya, irin motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyinsu ke waje babu abin da ya rufe su. Hukumar FIA mai ofishi a Paris ce ke kafa dokokin gasar, amma kuɗin da ake samu na wani kamfani ne daban, yanzu Liberty Media na Amurka. Kowane tsere ana kiransa Grand Prix, tsawon yawancinsu kusan kilomita 305 ne, wato kamar daga Garwa zuwa Ngaundere har da ƙari, kuma yawanci cikin awa ɗaya da rabi an gama. Duk inda aka ce dala a wannan rubutu dalar Amurka ake nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Asali

An fara gasar ranar 13 ga Mayu 1950 a filin Silverstone na Ingila, Giuseppe Farina ɗan Italiya ya ci da motar Alfa Romeo, shi ne kuma ya ɗauki kambun shekarar. Ferrari ce kaɗai ƙungiyar da ke ciki tun wannan shekarar har yau. A lokacin babu wani tsari na kuɗi, kowane mai fili shi ke ciniki da kowace ƙungiya ita kaɗai, ya ba ta ɗan kuɗin zuwa, in ba su daidaita ba sai ta ƙi zuwa. Motoci ma launin ƙasarsu suke ɗauka, ja na Italiya, kore na Ingila, shuɗi na Faransa. Sai a 1968 da Lotus ta shafa wa motarta fentin sigarin Gold Leaf, daga nan kuɗin taba ya shigo ya zauna kusan shekara arba'in, Marlboro ce kan gaba, har dokokin Turai suka hana tallan taba wajen 2005 zuwa 2006.

Zamanin Ecclestone

Duk wanda zai ba da tarihin kuɗin Formula 1 dole ya tsaya kan Bernie Ecclestone. Bature ne ɗan Ingila, an haife shi 1930, da dillancin babura da motoci na hannu ya fara, irin sana'ar da kowa ya sani a bakin kasuwa. Ya sayi ƙungiyar Brabham wajen ƙarshen 1971, sai ya lura da abin da sauran ba su damu da shi ba: ƙungiyoyin ne ke kawo motoci da direbobi, su ne kallon, amma saboda kowa na ciniki shi kaɗai masu fili na taka su yadda suka ga dama. Ya haɗa kan ƙungiyoyin Ingila ƙarƙashin FOCA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ƙera motocin gasar, ya zama shugabanta a 1978, lauyansa Max Mosley na gefensa, suka ce daga yau ciniki ɗaya ne, ko a ɗauke mu gaba ɗaya ko a rasa mu gaba ɗaya.

Wannan ya haɗa shi faɗa da Jean-Marie Balestre, Bafaranshen da ke riƙe da ɓangaren wasanni na FIA, rigimar ta kai har wasu ƙungiyoyi suka ƙaurace wa tsere. Sulhun da aka yi a 1981 shi ake kira yarjejeniyar Concorde, sunan dandalin da ofishin FIA yake a Paris. An raba gado ke nan, doka ta FIA, cinikin nunawa a tele kuma na FOCA. A lokacin gidajen tele ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, tseren da suka ga dama suke nunawa, shi kuwa ya ce duk mai so sai ya sayi kakar gaba ɗaya. Sannu a hankali haƙƙin ya bar hannun ƙungiyoyin ya koma kamfanonin Ecclestone na kansa, su masu motocin suna can suna fama da inji. Wajen 2001 FIA ta ba kamfaninsa hayar haƙƙin kasuwancin na shekara 100 a kan dala miliyan 300 da wani abu, kuɗin da yanzu gasar ke samu cikin 'yan makonni. Gaskiya ko a kasuwar shanu ba a taɓa ganin dillali irin wannan ba.

Shi ne kuma ya fara kai gasar inda gwamnati za ta biya da tsada, Malesiya 1999, Bahrain da Sin 2004, Singafo 2008 inda aka fara tseren dare, Abu Dhabi 2009. Wasu tsofaffin filayen Turai da suka kasa biya aka ajiye su. A 2006 kamfanin zuba jari na CVC ya mallaki kaso mafi yawa, amma ya bar shi a kujera. Shari'ar zargin cin hanci da aka yi masa a Munich ta Jamus ta tsaya a 2014 bayan ya biya dala miliyan 100, ba a yanke cewa ya yi laifi ko bai yi ba.

Liberty Media

Cikin Janairu 2017 Liberty Media ta kammala sayen gasar, an ƙiyasta cinikin kan kusan dala biliyan 8, aka sauke Ecclestone aka sa Chase Carey, daga 2021 kuma Stefano Domenicali. Su suka buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar YouTube da Instagram, abin da tsohon ba ya so, kuma shirin Netflix kan gasar da ya fara a 2019 ya jawo matasa da 'yan Amurka da yawa. An ƙara Jidda da Katar a 2021, Miami 2022, Las Vegas 2023, har tsere ya kai 24 a 2024. Kuɗin shiga na 2023 ya kai dala biliyan 3.2, daga hanya uku yake zuwa: gidajen tele, kuɗin da masu karɓar baƙuncin tsere ke biya, sai masu talla irin su Aramco na Saudiyya.

Babban sauyin shi ne ƙayyade kashe kuɗi. Da can manyan ƙungiyoyi na zubar da ninkin abin da ƙanana ke da shi sau biyu ko uku, ƙanana da yawa sun karye. A 2021 aka sa iyaka dala miliyan 145 a shekara, ta sauko 135 a 2023, wajen sefa biliyan 80 ke nan, kuma albashin direbobi ba ya ciki. Red Bull ta ɗan haura iyakar 2021, aka ci ta tarar dala miliyan 7 aka rage mata lokacin gwaji, wasu na ganin hukuncin ya yi sauƙi. Tun daga nan ƙungiyoyi suka koma kadara mai tsada.

Sauye-sauyen 2026

Sabbin injina masu ɗaukar kusan rabin ƙarfinsu daga lantarki, da man da ba na rijiya ba. Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, Ford na aiki da Red Bull, Honda da Aston Martin.

Afirka

Sau ɗaya aka yi tseren gasar a Maroko, a Casablanca 1958. Afirka ta Kudu ce ta daɗe a ciki, tun farkon shekarun 1960, ɗanta Jody Scheckter ya ci kambu da Ferrari a 1979. A 1985 ƙungiyoyin Faransa biyu, Renault da Ligier, sun ƙi zuwa filin Kyalami na Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata, aka daina zuwa, aka dawo 1992 da 1993, shi ke nan har yau. Direba Lewis Hamilton, mai kambu bakwai wanda ya koma Ferrari a 2025, ya sha cewa bai dace a tsallake Afirka ba. Shugaba Paul Kagame ya sanar a Disamba 2024 a Kigali cewa Ruwanda na neman tsere, Afirka ta Kudu ma na nema, matsalar dai kuɗin karɓar baƙunci ne, miliyoyin daloli duk shekara ban da gina fili.

A Kamaru da Chadi ta Canal+ ake kallo da sharhin Faransanci, amma ranar Lahadi a gidajen kallo na Marwa ko Kuseri ƙwallo ce ke cin tele, mai son tseren sai dai ya koma wayarsa. Tseren motocin da manya suka fi tunawa a nan shi ne na Paris-Dakar, wanda a 1992 ya biyo ta Njamena da Sarh ya wuce Yawunde zuwa Cape Town, kuma wannan gasa ce daban, ta motocin daji.