Faɗa wa likita cewa kana amfani da sitiroid na gina jiki

Sitiroid na gina jiki, wato anabolik sitiroid, magunguna ne da aka kwaikwayo daga sinadarin maza na testosteron, ana shan su a ƙwaya ko a yi allura don tsoka ta kumbura ƙwanji ya fito. An fara haɗa testosteron a ɗakin bincike a 1935, sai kamfanin Ciba ya fito da Dianabol a Amurka a 1958, daga nan abin ya bazu cikin 'yan ɗaga ƙarfe. Sunayen da aka fi ji a jim, wato gidan motsa jiki, su ne Dianabol ɗin, Deca-Durabolin, Sustanon da Winstrol, shi Winstrol ɗin shi ne stanozolol da aka kama Ben Johnson da shi a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 aka ƙwace masa zinarensa. Kada a haɗa su da dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha don su yi ƙiba, waɗancan ma sitiroid ake ce musu amma dangi daban ne, aikinsu daban.

Me ya sa ake ɓoyewa

Masu amfani da su da yawa ba sa faɗa. Wani bincike da Harrison Pope na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 ya gano kashi 56 cikin ɗari na masu amfanin da aka tambaya ba su taɓa faɗa wa ko wane likita ba, kuma da yawansu ba su ɗauki likita ya fi abokin jim ko mai sayar musu sanin abin ba. Akwai kunya, akwai tsoron wa'azi, akwai tsoron doka. A Amurka tun dokar 1990 riƙe su ba takardar likita laifi ne, a Birtaniya kuwa mallaka don amfanin kai ba laifi ba ne amma sayarwa ko ba wa wani laifi ne. Sai maganar fayil, duk abin da likita ya rubuta ya zauna, kuma kamfanin inshorar rai zai iya neman ka sa hannu a nuna masa fayil ɗin kafin ya karɓe ka, wannan tsoron ba na banza ba ne gaskiya. Soja da ɗan wasan da ake yi wa gwaji su ma nasu lissafin daban.

Abin da likita ke rasawa in bai sani ba

Nan ne gizo ke saƙar. Sitiroid yana canza sakamakon gwajin jini sosai, kuma likitan da bai san dalili ba zai yi ta lalube ne a duhu. Kolestarol mai kyau, HDL, yana faɗuwa ƙasa warwas musamman da na ƙwaya, mara kyau kuma ya hau. Jini yana yin kauri saboda jajayen ƙwayoyin jini sun yi yawa, wanda ke ƙara haɗarin gudan jini da shanyewar ɓarin jiki, ga hawan jini, ga tsokar zuciya da ke kauri har ta kasa bugawa yadda ya kamata, shi ya sa za ka ji saurayi ɗan shekara talatin kakkarfa ya yanke jiki ya faɗi. Na ƙwaya irin su Dianabol da Winstrol suna wahalar da hanta har mutum ya yi shawara, ido ya yi ɗorawa, likita kuwa ya bi ciwon hanta na B da C yana nema alhali musabbabin na cikin jakar jim.

Sai batun haihuwa, wanda shi ne ke kai mutane da yawa asibiti daga ƙarshe. In jiki ya ga testosteron ya cika daga waje sai ƙwaƙwalwa ta daina aika sinadaran LH da FSH masu sa maraina aiki, maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu wani lokacin har sifili, kuma bayan an daina sai a ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara, kafin su dawo. Miji ya yi shiru, a yi ta zirga-zirga da matar daga wannan gwaji zuwa wancan, ita ce ma za a ɗora wa laifi a dangi. A tsakanin kuma ga kasala, ga mutuwar sha'awa, ga baƙin ciki mai tsanani da ke biyo bayan dainawa farat ɗaya. Wasu mazan nono ke fito musu. Macen da ke amfani da su kuwa murya ta yi kauri gemu ya tsiro, kuma muryar sau da yawa ba ta komawa.

Akwai kuma karo da wasu magunguna, wanda aka fi sani shi ne warfarin na tsinka jini, in ya haɗu da oxandrolone ko stanozolol ƙarfinsa na ƙaruwa har mutum ya yi ta zubar jini. Kafin tiyata ma dole mai sa barci ya san halin da zuciya da hanta ke ciki.

Sirri da yadda ake faɗa

Ƙa'idar aikin likita ita ce riƙe sirrin mara lafiya, a Amurka akwai dokar HIPAA ta 1996 a kan haka, kuma shan magani da mutum ya yi a jikinsa ba ya cikin abin da aka saba kai rahoto ga 'yan sanda. Mai shakka zai iya fara tambaya, likita me za ka rubuta a fayil, wa zai gani, kafin ya buɗe baki. In za a faɗa to a faɗa duka, sunan maganin, miligiram nawa a sati, wata nawa aka yi, yaushe aka yi allurar ƙarshe, da sauran tarkacen da ake haɗawa da su kamar insulin ko clenbuterol. A tafi da kwalbar ma in da hali, domin kayan bayan fage sau da yawa abin da ke jikin takarda daban abin da ke ciki daban. In an taɓa raba sirinji da wani a faɗa, don a yi gwajin HIV da na hanta. Ba kowane likita ne ya ƙware a wannan ba, in aka haɗu da wanda faɗa kawai ya iya sai a nemi a tura mutum wajen likitan sinadaran jiki ko na mafitsara.