Motsa Jiki na Ƙarfafa Tsoka

Motsa jiki na ƙarfafa tsoka shi ne atisayen da ake sa tsoka ta yi fama da nauyi, ko na ƙarfe, ko na buhun yashi, ko na jikin mutum kansa. A Gusau da Birnin Kebbi an fi saninsa da ɗaga ƙarfe. Samari kan cika gwangwanaye biyu da siminti, su soka sandar ƙarfe a tsakani, su ajiye a zaure ko bayan gida.

Tarihi

Al'ummar yankin sun daɗe suna girmama ƙarfin jiki. Ana kyautata zaton kokawa da dambe sun shafe ƙarnuka ana yinsu, galibi da kaka, bayan an cika rumbu. Dambe ya fi shahara a tsakanin mahauta, kokawa kuwa wasan manoma ce. A ƙasar Zuru, saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukansa bisa al'adar golmo, kuma kokawa na da matsayi babba a wurin Lelna, wato Dakarkarin ƙasar. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya haɗa da kokawa, ninƙaya da tseren kwalekwale, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Noma da garma, daka a turmi da jan guga a rijiya su ne suka gina jikin yawancin mutane, maza da mata. Injin niƙa, famfo da babur sun rage waɗannan ayyuka, musamman a birni.

Amfani

Daga wajen shekara 30 tsoka kan fara raguwa sannu a hankali, abin ya ƙara sauri bayan 60. Atisaye na rage wannan asara, har dattijo ya iya tashi daga tabarma ko daga sujada ba tare da an kama shi ba. Tsoka ce ke janye mafi yawan sukarin da ke cikin jini bayan cin abinci, shi ya sa ake ba masu ciwon suga shawarar yinsa. Yana kuma ƙarfafa ƙashi, abin da mata ke matuƙar buƙata bayan ɗaukewar al'ada.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi shi aƙalla kwana 2 a mako, ya shafi ƙafafu, baya, ciki, ƙirji da hannuwa. Tsuguno da miƙewa, ko ɗaga jarkar ruwa, sun isa mafari.

Kiyayewa

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kada ya riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi.

Masana sun saɓa kan ko aikin ƙarfi da ake wuni ana yi, kamar noma, yana ba da amfani daidai da atisayen da ake hutawa a tsakaninsa.